Shingen da ke tsakanin mai ƙanjamau da maganinsa a iyakar Amurka da Meksiko

Akwai wani gari a kudancin jihar Texas da ake kira Falfurrias. Ba a kan iyaka yake ba. Amma kusa da shi, a kan babbar hanyar da ta miƙe arewa zuwa San Antonio, jami'an tsaron iyaka sun kafa shinge na dindindin, da rumfa da karnuka da kyamarori, kimanin kilomita 110 daga kogin Rio Grande wanda ya raba Amurka da Meksiko. Duk motar da ta taso daga kudu sai ta tsaya an leƙa ciki, an tambayi mutane ko su 'yan ƙasa ne. Akwai irinsa a Sarita, a ɗaya hanyar da ta bi ta wajen gaɓar teku, akwai wasu a hanyoyin da suka fita daga Laredo da El Paso. Wanda ba shi da takardar izinin zama, ko da ya shekara 20 a yankin, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya 'yan ƙasa, a ɗaure yake a wata 'yar siririyar ƙasa, kogi a bayansa, shinge a gabansa.

Da wannan shingen nake so in fara magana a kan masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau a cikin 'yan asalin Latin Amurka, waɗanda ake kira Latino, mazauna bakin iyakar nan. Abin da nake gani shi ne, magani yana nan a ɓangarorin biyu, kuma ga talaka kyauta ne ko kusan kyauta. Abin da ke raba mara lafiya da shi tsoro ne, da takarda, da nisan hanya. Mafi yawan waɗannan kuwa ba daga sama suka faɗo ba, hukuma ce ta girka su da hannunta, ta kuma san abin da suke haifarwa.

Duk wanda ya taɓa jinyar mai wannan cuta ya san halin maganinta. Ga yawancin mutane yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, amma ƙwaya ce mai kishi, ba ta yarda a tsallake ta. In mutum ya riƙe ta kullum, ƙwayar cutar takan ragu a jininsa har na'urar gwaji ta kasa ganinta, ya yi ƙiba, ya koma bakin aikinsa, ya tsufa kamar kowa. Tun daga 2011 manyan bincike suka riƙa tabbatar da wani abu kuma: wanda magani ya danne wa cutar haka ba ya shafa wa matarsa ko mijinta ta hanyar kwanciya. In kuwa ya daina sha, cikin 'yan makonni cutar ta dawo. In yana sha yana bari, yau akwai gobe babu, sai ta koyi bijire wa maganin, a koma neman wani mai tsada da wahalar samu. Jinya ce da ba ta son yankewa, ita kuwa iyaka babban aikinta ke nan, yankewa.

Iyakar nan tsawonta ya kai kilomita 3,145, daga tekun Fasifik zuwa mashigin tekun Meksiko, kuma a kanta akwai tagwayen birane: San Diego da Tijuana, El Paso da Juárez, Laredo da Nuevo Laredo, McAllen da Reynosa, Brownsville da Matamoros. Mu da muka san yadda Jibiya take da Maraɗi, ko Illela da Ƙonni, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Uwa tana can, ɗa yana nan, kasuwa ɗaya, harshe ɗaya, aure ya haɗa kowa. A ƙofar San Ysidro, tsakanin Tijuana da San Diego, tun kafin asuba layi yake miƙewa, masu goge-goge da leburorin gini da masu aikin gidan abinci, kowa da ƙunshin abincinsa, domin hayar gida ta fi sauƙi a Tijuana, albashi kuma ya fi tsoka a San Diego. A cikin layin nan akwai wanda likitansa yake arewa, gadonsa yake kudu. In layin ya ci awa uku, lokacin ganin likita ya wuce, sai kuma wani watan. Daga Maris 2020 zuwa Nuwamba 2021, saboda korona, an rufe ƙofofin ga duk baƙon da ba wata lalura ce ta kawo shi ba. A takarda, neman lafiya yana cikin lalurar da aka yarda da ita. Amma jami'in da ke bakin ƙofa shi ke yanke hukunci, kuma kafin ya yarda sai ka gamsar da shi, a gaban jama'a, a kan ciwon da ko mahaifiyarka ba ka gaya wa ba.

Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, sun nuna cewa Latino ba su cika kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasar ba, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na sababbin masu kamuwa da cutar a 2022 daga cikinsu ne. Wannan tazarar ba jini ne ya kawo ta ba. Gwaji ne ba ya isa gare su da wuri, maganin rigakafin da aka amince da shi tun 2012 bai yaɗu a cikinsu ba, waɗanda suka kamu kuma suna daɗewa kafin a danne musu cutar.

Amurka tana da shiri na musamman domin talaka mai wannan cuta. Sunansa Ryan White, sunan wani yaro ɗan jihar Indiana da ya kamu ta hanyar maganin ciwon rashin daskarewar jini, aka hana shi shiga makaranta, ya rasu a 1990 yana da shekara 18. A shekarar ce majalisa ta kafa dokar. Shirin yana ɗaukar nauyin mutum fiye da 500,000 a shekara, kuma shekara da shekaru ba ya gindaya sharaɗin takardar zama. Wannan abin a yaba ne, ba zan rage masa komai ba, musamman a ƙasar da kuɗin maganin wata ɗaya a farashin kamfani kan haura dala 3,000. Sai dai ɓangaren raba magani kowace jiha ce ke gudanar da nata, kuma kowace tana son shaidar inda kake zaune da shaidar abin da kake samu. To wanda yake kwana a ɗakin ɗan'uwa, babu takardar haya ko ta wuta da sunansa, maigidansa kuma a hannu yake biyansa, me zai nuna? Ɗan ci-rani da ke yankan latas a Yuma ta jihar Arizona da hunturu, bazara ta yi ya bi aikin zuwa Salinas ta Kalifoniya, duk inda ya sauka sabon fayil, sabon layi, kuma tsakanin fayil da fayil kwalbar magani ta ƙare.

Sannan mai ƙanjamau ba ƙanjamau kaɗai ke kama shi ba. Yana iya yin ciwon suga, ko hanta, ko daji, ko ya karye a wurin aiki. Nan inshorar lafiya take shigowa, nan kuma Texas ta yi abin da na kasa samar masa uzuri. Jihar da ta riƙe kusan kilomita 2,000 na iyakar ta ƙi faɗaɗa Medicaid, inshorar gwamnati ta marasa ƙarfi, duk da cewa dokar inshorar lafiya ta 2010 ta ba da dama kuma gwamnatin tarayya ce ke biyan kaso mafi tsoka. Kalifoniya da Arizona da New Mexico sun faɗaɗa. Texas ce kan gaba a duk ƙasar wajen yawan marasa inshora, kusan mutum ɗaya cikin shida. Wannan ya shafi har haifaffun ƙasar, waɗanda kakanninsu suke wurin tun kafin a ja layin iyakar a 1848. Mai katin zama na dindindin ma, a ƙarƙashin dokar 1996, yawanci sai ya jira shekara biyar kafin ya samu Medicaid.

Amma abin da ya fi kowane nauyi a wajena shi ne tsoro, domin shi ba ya bukatar doka ta hana ka, kai da kanka za ka hana kanka. Tsoron nan yana da tarihi. Daga 1987 har zuwa Janairun 2010, kamuwa da ƙwayar cutar dalili ne a dokar Amurka na hana baƙo shiga ƙasar ko samun katin zama. Shekara 22 cur gwajin jini yana iya rushe wa mutum rayuwa, har mutane suka koya wa juna cewa gara kada ka sani. An soke dokar, amma abin da uwa ta gaya wa ɗanta ba a soke shi da sa hannu. A 2019 aka fito da ƙa'idar da ta ce wanda ya ci tallafin gwamnati irin su Medicaid ana iya ɗaukarsa a matsayin kaya a wuyan hukuma, a hana shi katin zama. Shirin Ryan White ba ya cikin jerin, amma wa zai tsaya tantance wannan a unguwar da jita-jita ta fi jarida gudu? Mutane suka janye jiki daga duk abin da ke da warin gwamnati. A Agustan 2024 gwamnan Texas, Greg Abbott, ya ba da umarnin asibitoci su riƙa tambayar marasa lafiya matsayinsu na zama a ƙasa, aka fara aiki da shi ranar 1 ga Nuwamba. Mara lafiya yana da ikon ya ƙi amsawa, kuma za a duba shi, amma tambayar kaɗai ta gama aikinta. A Janairun 2025 kuma gwamnatin tarayya ta janye tsarin da ya daɗe yana hana jami'an shige da fice kame a asibitoci da makarantu da wuraren ibada.

Kada a ce mutane suna tsoron inuwa ne. A Oktoban 2017 an ɗauko wata yarinya 'yar shekara 10, mai lalurar ƙwaƙwalwa da ta shafi gaɓɓanta, a motar asibiti daga Laredo zuwa Corpus Christi domin a yi mata tiyata. Tun tana jaririya aka shigo da ita ƙasar. A shinge aka gano ba ta da takarda. Jami'ai suka bi motar har asibiti, suka tsaya a bakin ɗakinta, da aka gama aikin suka tafi da ita wurin tsare yara, sai da lauyoyi suka shigar da ƙara aka mayar wa iyayenta ita. Ba ƙanjamau ke damunta ba, amma duk mai ƙanjamau a kudancin Texas ya ji labarin. Akwai ɗakunan shan magani na masu cutar a yankin, kuma ma'aikatansu suna ƙoƙari. Sai dai ranar da likita ya ce wannan ya fi ƙarfinmu, sai an je Houston ko San Antonio, mara lafiya zai yi shiru, ya ce zai yi shawara, ya koma gida.

In kuma an kama mutum, yankewar ta tabbata. Tun a 2007 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan yadda ake katse wa tsararrun baƙi maganin ƙanjamau, musamman in ana ɗauke su daga wannan gidan tsaro zuwa wancan. A Mayun 2018 wata mai neman mafaka daga Honduras, mai shekara 33, mai ɗauke da cutar, ta miƙa kanta ga jami'ai a ƙofar San Ysidro. Kwana 16 bayan nan ta rasu a wani asibiti a Albuquerque, tana hannun hukuma. Wanda aka tasa ƙeyarsa kuwa, ana sauke shi ne a garin da sau da yawa ba nasa ba, ɗan jihar Oaxaca ko Michoacán a tsakiyar Tijuana, da 'yar jakar leda. Meksiko tana ba da maganin kyauta ga kowa tun 2003, tana da ɗakunan shan magani na musamman da ake kira CAPASITS. Amma su ma suna son lambar shaidar ɗan ƙasa da takardu, ga shi mutumin ya bar ƙasar tun yana yaro, fayil ɗinsa na asibiti yana Los Angeles da Turanci. Wasu sukan ƙare a bakin magudanar kogin Tijuana, wurin da ake kira El Bordo, inda allurar ƙwaya take yawo daga hannu zuwa hannu. Masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun gano cewa a cikin maza masu yi wa kansu allurar ƙwaya a Tijuana, waɗanda aka koro daga Amurka sun fi sauran yawan kamuwa da cutar nesa ba kusa ba.

Batun harshe da hanya zan taɓa shi a gurguje. Ba kowane Latino ke jin Sifaniyanci sosai ba, akwai masu yaren Mixteco da Triqui daga kudancin Meksiko, da Mam da K'iche' daga Guatemala. In babu tafinta, ɗan mara lafiya ko maƙwabcinsa ake jawowa, kuma babu uwar da za ta faɗi wannan ciwo ta bakin ɗanta. A Texas kaɗai akwai unguwannin bayan gari fiye da 2,000 da ake kira colonias, da yawansu babu kwalta, babu motar haya, wasu ma babu ruwan famfo.

Ba zan ɗora wa hukuma komai in wanke al'umma ba. Akwai wata magana da suke yi da Sifaniyanci, el qué dirán, wato me mutane za su ce. Da na fara jin ta sai na tuna wata mata da na zauna kusa da ita a bencin wani asibiti a nan gida, ranar da na raka ɗan'uwana karɓar magani. Ta yi tafiyar awa biyu a mota, ta wuce asibitoci biyu da ke ba da maganin a kusa da garinsu, domin a can akwai wanda zai gane ta. Da aka miƙo mata kwalaben, ba ta tashi ba sai da ta juye ƙwayoyin a wata tsohuwar robar maganin ƙarin jini, ta ƙulle a gefen zani, ta bar kwalaben a ƙarƙashin benci. Irin wannan ake yi a garuruwan iyakar, inda mai karɓar kati a ɗakin shan magani tana iya zama 'yar cocinku ko ƙanwar surukarka. Akwai masu tsallaka iyaka takanas domin su ga likita inda ba a san su ba, sai iyakar ta zame musu sutura da tarko a lokaci guda. Mafi yawan sababbin masu kamuwa a cikin Latino maza ne masu neman maza, da yawansu a ɓoye, wasu da mata a gida. Na san yadda mai karatu zai ji da wannan, kuma ban zo sauya wa kowa aƙida ba. Amma likita ba alƙali ba ne, kuma duk namijin da kunya ta hana gwaji, matar da ke jiransa a ƙauye, wadda ba ta san hawa ba ta san sauka ba, ita ce za ta biya.

Masu goyon bayan tsaurarawa suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Sun ce kowace ƙasa tana da haƙƙin tsare iyakarta, kuma kuɗin asibiti daga aljihun mai biyan haraji yake fita. Na yarda da na farko. Na biyun ne lissafinsa bai fita ba. Tun 1986 doka ta tilasta wa asibitocin Amurka su karɓi duk wanda aka kawo rai a hannun Allah, da takarda ko babu. Mutumin da aka tsorata ya ƙi zuwa karɓar ƙwaya zai zo daga baya, a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, da ciwon huhu ko sanƙarau, ya yi makonni a ɗakin kulawa ta musamman. Kuɗin zai fito daga aljihu ɗaya, ya ninka, kuma a shekarun da ya yi babu magani cutar ta riga ta wuce zuwa wasu, cikinsu har da 'yan ƙasa. Gwamnatin Amurka ta fi kowa sanin wannan. Ita ce ta kafa shirin PEPFAR a 2003, wanda da kuɗinsa aka sayi maganin da ya raya ɗimbin mutane a Kano da Kaduna da Maiduguri, kuma darasin farko da ma'aikatan shirin suke koyarwa shi ne a bi sawun wanda ya daina zuwa, a dawo da shi. Yana ci mini rai in ga ƙasar da ta koyar da haka a nesa tana korar marasa lafiya daga ƙofar asibiti a gidanta.

Abin da ake bukata an riga an gwada shi a kan wata cutar. Tun 1997 aka fara wani shiri a San Diego mai suna CureTB, wanda ke bin sawun mai tarin fuka in ya tsallaka iyaka ko aka mayar da shi gida, a aika bayanin jinyarsa, a kira shi a waya, a haɗa shi da likita a can. An yi haka ne domin kowa ya gane tari ba ya nuna fasfo. Ƙasashen biyu suna da hukumar lafiya ta haɗin gwiwa a kan iyaka tun 2000. Ba na ganin dalilin da zai hana a yi wa ƙanjamau irin wannan da ƙarfin gwamnati, maimakon a bar shi a hannun ƙananan ƙungiyoyi masu neman tallafi shekara-shekara. Duk wanda za a kora, a ba shi maganin da zai kai shi, da fayil ɗinsa da Sifaniyanci, da sunan ɗakin shan maganin da ke jiransa. A cire tambayar takardar zama daga bakin ma'aikacin asibiti. A mayar da jami'an kame can nesa da ƙofar.

Akwai kuma matan da ake kira promotoras, 'yan unguwa da aka horar a kan kiwon lafiya, masu shiga gida-gida kamar yadda masu rigakafin shan inna suke yi a wajenmu. Su ne suka san wace ce mijinta ya dawo yana rama, wa ya daina fitowa, wa ke bukatar a ɗauke shi a mota ba tare da an tambaye shi ina za shi ba. Da yawansu aikin sa kai suke yi ko albashi kaɗan. Tun 2021 akwai allurar da ke maye gurbin ƙwayar kullum, ana yinta duk wata ko duk wata biyu, a 2025 kuma aka amince da allurar rigakafi ta sau biyu a shekara. Ga ɗan ci-rani mai bin kakar girbi, ko macen da ke ɓoye kwalba a cikin buhun masara, babu abin da ya fi wannan dacewa. Amma ita allura sai an je an karɓa, a ranar da aka sa, a ɗakin da ake rubuta suna. Matar da ke zaune a colonia a bayan McAllen, wadda mijinta ya tafi da mota tun asuba, za ta tsaya a ƙofar gida ta duba titi, ta ga ko farar motar nan mai koren layi ta jami'an tsaron iyaka tana wajen, kafin ta yanke shawarar fita.